Mutumin da Ya Kashe Ƙyallin Daɓensa

Kafin mai burodin safe ya gama zagaye layinmu, Mang Pilo ya riga ya iso ƙofar ƙarfen gidan renon karnukan da ke kallon tagata. Ba ya ɗaga ta gaba ɗaya. Yakan kai ta daidai ƙugu, ya tsaya ya huta, sannan ya sa kafaɗa ya ƙarasa. A da da hannu ɗaya yake cilla ta sama. In ya shiga sai ya kunna fankoki, ya tara ruwa a bokiti, ya wuce lungun da karnuka ke kewayawa. Ya ɗaga ciyawar robar da ke shimfiɗe a kan tsakuwa, ya wanke, ya rataye, ya shimfiɗa ta jiya wadda ta bushe. Ya kwara ruwa daga jikin bango, ya tsaya yana kallon yadda yake gangarawa zuwa rariya kamar mai zargin zai canja hanya. In ya gamsu, ya kife bokitin ya zauna, ya tsoma burodi a kofi, ya shafe gwiwoyinsa da man zafi. Daga nan masu karnuka su fara zuwa, igiya a hannu ɗaya, waya a ɗayan, su miƙa masa dabba su ruga neman motar Ortigas ko Makati, inda ofisoshinsu suke.

Wannan makon zai ajiye aiki. Gwiwoyin sun ce sun gama.

Na zauna a bukukuwan sallama da yawa, na ga yadda ake mai da mutum waliyyi da zarar an tabbatar ba zai dawo ranar Litinin ba. Ba zan yi wa Teofilo Dimaculangan, wanda muke kira Mang Pilo kamar yadda ake kiran dattijo a nan, haka ba. Mutum ne mai taurin kai, kuma abin da zan yaba masa a kai ya fara ne da ɓarnar da ya yi da ƙafarsa.

Na san shi tun ina sabuwar malama a firamaren bakin kogi, shi kuma yana saurayi mai shara da goge-goge. Daɓen azuzuwanmu jan siminti ne irin na da. Duk Juma'a da yamma sai ya shafe shi da jan mai, ya bar shi ya sha, sannan ya kife rabin ɓawon kwakwa, ya taka da ƙafa ɗaya, ya riƙe ƙugu, ya yi ta kai da komo kamar mai rawa shi kaɗai. Kowa a garin nan ya iya wannan, kowace uwa ta sa 'ya'yanta sun yi, amma na Pilo daban ne. In ya gama kana iya gyara kwalar rigarka a daɓen. Masu duba makarantu in sun zo ƙasa suke fara kallo kafin allo, shugabanninmu kuwa sun gane haka da wuri, shi ya sa aji na iya rasa alli amma ba ya rasa man daɓe. An tashe mu a kan cewa gidan da daɓensa ke ƙyalli gidan mutanen kirki ne. Na shiga gidaje masu ƙyalli da yawa na fito ina gode wa Allah da ba a ciki nake kwana ba.

Da ya yi ritaya daga makaranta, zaman gida bai karɓe shi ba. Luningning, wadda muke kira Ning, ɗalibata ce a da. Ta karanci kula da dabbobi, ta dawo ta buɗe gidan renon a tsohon shagon takalman mahaifinta, ta je har gida ta ɗauko shi. Ranar farko ta nuna masa daɓen, shi ma jan siminti, duk tabon gam da sawun injuna.

"Mang Pilo, wanki kawai. Sabulu da ruwa. Kada ka sa masa mai."

"Daɓe ba mai? To ai kasuwar kifi kika buɗe ke nan."

"Karnuka ne za su taka, ba masu duba makarantu ba. Santsi ba ya musu kyau."

"Madam," in ji shi, kuma duk sa'ad da ya kira ta Madam to ransa ya ɓaci, "ina goge daɓe tun kina zuwa makaranta da majina har leɓe. Na taɓa kashe wani?"

Ta yi dariya ta bar zancen, don da wuya ki ja da wanda ya taɓa ɗauraye miki siket a bayan aji. Ya ce ya ji. Ranar Lahadi bayan coci, gidan yana rufe, ya zo da gwangwanin mai da ɓawon kwakwarsa. Litinin masu karnuka suka ja birki a bakin ƙofa. Suka ɗauki hoto, suka yaɗa, aka ce ga gidan karnukan da ya fi asibiti tsabta. Sababbi suka riƙa zuwa. Ning ta ga hotunan, ta kuma ga ƙananan karnuka suna ɗan zamewa in sun sha kwana, ta ce gobe za ta yi masa magana. Goben ta ɗauki shekaru. Ita da bakinta ta ce in rubuta haka.

Cikin masu kawo kare akwai wanda ba ofis yake zuwa ba. Eusebio Salandanan, Mang Sebyo, tsohon maɗinkin takalmi ne. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana aikin jinya a ƙasashen Larabawa. Ƙodarsa ta gaza, asibiti ke wanke masa jini, yau a je gobe a huta. Yana haya a ɗaki ɗaya a saman wani shago, shi da wani ƙaton baƙin kare da furfura ta cinye wa baki. Sunan karen Kansila, don a cewar Sebyo ci da barci kaɗai ya iya, kuma ba ya zuwa sai ya ga abu a hannunka. In an bar shi shi kaɗai sai ya yi ta kuka kamar an yi mutuwa, mai gidan hayar kuwa ta riga ta yanke hukunci: in Sebyo zai fita, kare ya fita, ko su fita duka da kayansu. Saboda haka ranakun asibiti yakan sauke shi wurin Pilo da safe, ya dawo da la'asar fuska kamar toka, ya zauna a bencin bakin ƙofa har jiri ya sake shi, suna tsokanar juna, suna kiran juna pare, wato aboki.

"Injiniyan tsumma, yaya aiki?"

"Lafiya lau, pare. Sun wanke ka? Ban ga alama ba."

"Jinin suka wanke. Halin sun ce sai an kai Amurka."

Damina ta zo, irin wadda kogi ke leƙo titi. Filin baya ya zama tafki, karnuka suka koma wuni a ciki, kuma a lokacin ba su da wurin kewayawa na kirki sai jaridu da ake shimfiɗawa a lungu. Wata la'asar wani ɗan kwikwiyo ya tsula fitsari a tsakiyar ɗaki. Fitsari a kan daɓen da ya sha mai ba ya nutsewa, kwanciya yake, ba a ma ganinsa cikin ƙyalli. A daidai lokacin Kansila ya ji tarin ubangidansa a waje, ya tashi da gudun tsofaffi. Ƙafafunsa na baya suka rabu, ɗaya gabas ɗaya yamma, ƙugunsa ya bugi ƙasa. Ina gidana na ji kukan. Ban taɓa jin dabba ta yi irinsa ba, kuma ba na fatan sakewa.

Likita ya ce ƙashi bai karye ba, jijiya ce, zai warke. Ya warke kuwa. A kan titi yana tafiya, da ɗingishi amma yana tafiya. Sai dai da zarar an shigo da shi gidan Ning ya ga wannan jan ƙyallin, sai ya baje a inda aka ajiye shi ya ƙi motsi. An gwada nama, an gwada lallashi, an gwada tsawa. In fitsari ya matse shi, ya riƙe, ya riƙe, ya sake shi a kwance. Fatar cikinsa ta yi ja ta fara salewa. Sauran karnukan suka ji wari suka ɗauka nan ne sabon wurin, suka riƙa zuwa suna ƙarawa a gefensa. Mai sayar da abinci a maƙwabta ta kai ƙara ofishin unguwa, ta ce masu cin shinkafarta suna tashi ba su gama ba. Ba ƙarya ta yi ba. Ni ma na rufe taga.

Ning ta daure iya daurewa, sannan ta sami Sebyo a benci.

"Mang Sebyo, ba zan iya ci gaba da karɓarsa ba. In suka rufe ni kowa ya rasa."

"Na gane, 'yata."

"Akwai masu riƙe tsofaffin karnuka a Antipolo. Zan iya yi maka magana."

"Na ce na gane." Ya miƙe yana dafa bango. "Ba sai kin wahala ba. Zan zauna da shi a gida."

"Ranakun asibitin fa?"

"Asibitin ba ya kuka in ban je ba."

Muka ɗauka maganar ɓacin rai ce. Ranar wankin da ta biyo baya ba a gan shi ba, ba a ga kare ba. Wadda ta bi ta ma haka. Pilo ya ajiye bokiti ya hau matakalar ɗakin Sebyo, ya same shi zaune a bakin gado, ƙafafu sun kumbura sun cika silifa, yana numfashi kamar wanda ya hau dutse, Kansila ya ɗora haɓa a kan gwiwarsa. Duk wanda ya zauna da mai ciwon ƙoda ya san abin da tsallake wanki ke nufi, ya kuma san ba a daɗewa.

Abin da suka faɗa wa juna a ɗakin Sebyo ne ya ba ni. Pilo ya ce bai tuna ba.

"Tashi, mahaukaci."

"Ka zo goge mini daɓe ne? Nan babu mai, shi ya sa karena ke tafiya."

Sebyo ya ce shi kansa bai yi niyyar faɗa ba, bakin ne ya riga shi. Can Pilo ya ce:

"Ni na kayar da shi. An hana ni, na yi. To ka bar ni in tashe shi. Kai dai ka je su wanke ka, don in ka mutu a nan ni za a sa in goge, kuma na gaji."

Ya sauko da shi yana tallabe da hammatarsa, ya sa shi a keken haya, ya koma ya ɗauko karen, ya zo ya tsaya gaban Ning da shi a rungume kamar buhun shinkafa.

"Ning, ki ba ni zuwa Kirsimeti. Ba zai taɓa daɓenki ba. Ni zan riƙa ɗaukarsa."

"Da waɗannan gwiwoyin?"

"Da su aka yi ɓarnar."

Ta ba shi, ba don ta yarda zai yiwu ba. Aka shimfiɗa wa Kansila kwali a lungun ajiyar kaya, kuma duk sa'ad da ya fara juye-juye Pilo ya sunkuya ya ɗauke shi, ya fita da shi ƙarƙashin rumfar titi, ruwa ko ba ruwa, ya jira ya gama, ya ɗauko shi ya dawo. Na sha hango shi tsaye a kan dakali da kare a hannu, yana shawarar da wace ƙafa zai fara sauka.

To, a Marikina muke, garin maɗinka takalma. A garin nan in mutum ya faɗi ba a tambayar me ya taka, takalminsa ake dubawa. Da Sebyo ya ɗan farfaɗo sai ya sa Kansila ya taka takarda, ya zana sawunsa, ya fito da tsofaffin kayan aikinsa. Bayan 'yan kwanaki ya zo da 'yan takalma na fata mai laushi, da ƙasan roba mai zane, da maɗauri, ɗinki kamar na amarya. Rabin layi ya taru kallo. Aka sa wa Kansila, aka tsayar da shi. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya yarfe, ya ɗaga ta biyu, ya nemi ɗaga duka lokaci guda, ya zube. Kafin a gama dariya ya cinye na hagu.

"Fatar saniya ce ta gaske," in ji Sebyo, ransa a jagule. "Ya dai san kaya mai kyau."

"Pare, kare ba ya son takalmi."

"To yaya zan yi? In ɗinka wa daɓen?"

Ning, wadda ke tsintar guntun fata a ƙasa, ta ɗago kai.

"Robar ƙasan takalmi ai a shimfiɗe take zuwa kafin a yanka, ko?"

"Kamar tabarma."

"Akwai saura a masana'antun da suka rufe?"

"Saura? Tun da takalman waje suka cika kasuwa ɓeraye ke kwana a kai."

Sebyo ya aika wa tsofaffin abokan sana'arsa, aka kawo robar naɗi-naɗi, baƙa, mai kaushi. Suka shimfiɗa. Kwana kaɗan fitsari ya sami hanya ta mahaɗa ya shige ƙarƙashi ya kwanta, warin ya fi na da. Aka ce sai an manne ta da ƙasa, a toshe kowace mahaɗa. Suka shafa gam da yamma, da safe roba ta ɗago kamar ɓawon ayaba. Sebyo ya durƙusa da ƙyar, ya karci daɓen da farce, ya dubi jan da ya fito.

"Gam ba ya kama mai. Ko a takalmi sai an kankare fata ta yi kaushi. Wannan daɓen naka ya sha mai har ƙashi."

Ning ta kira masu injin kankara. Suka gwada, man ya liƙe wa dutsen injin, suka ce sai an cire shi da hannu tukuna, suka naɗe wayarsu suka tafi. Gidan kuma ba ya rufuwa sai Lahadi, don masu karnuka suna da wuraren aiki. Aka gitta katako a tsakiya, karnuka a rabi, Pilo a rabi.

Kai ne, Mang Pilo, na gani durƙushe a kan tsohon buhu, da ruwan zafi da soda da burushin ƙarfe, kana cire abin da ka yi shekaru kana sakawa. Ruwan da ke fita ta rariya ja ne kamar na mahauta. Ba ka bar kowa ya taya ka ba, kuma ba zan ce wannan tuba ce kaɗai ba, har da taurin kan da na sani. Na faɗa maka a lokacin, ka ce, "Malama, ni na san inda na fi zuba shi." Kai ne kake ajiye burushi in Kansila ya motsa, ka dafa bango ka miƙe, ka ɗauke shi zuwa titi, ka dawo ka sake durƙusawa. Kai ne wata mai kare ta leƙo ta ce, "Ayya, wa ya ɓata muku daɓen nan mai kyau?" ka ce mata, "Wani tsoho ne, an kusa korarsa." Sarkin goge-goge na bakin kogi, ka mai da aikin hannunka fari fat kamar bangon da ba a yi wa fenti ba, ban ji ka yi tsaki ba. Amma na ga ranar da ka gama ka tsaya a tsakiya kana neman fuskarka a ƙasa, ba ka samu ba, ka juya ka tafi wanke bokiti.

Wannan karon gam ya kama. Ning ta kawo magini ya fasa lungun baya, ya yi masa gangare zuwa rariya, ya ja ɗan gajeren dakali da ko gurgun kare zai iya tsallakewa, aka zuba tsakuwa, aka ɗora ciyawar roba. Wuri ya yi kyau. Karnuka suka zo suka sunsuna, suka yi atishawa, suka koma suka ɗaga ƙafa a jikin ƙofa. Kwana da kwanaki haka. Wata safiya Ning ta zo da wuri ta same shi da jarka a hannu.

"Mang Pilo, me kake zubawa a nan?"

"Bilic. Safe da rana da yamma. Ji yadda ya yi fes."

"Shi ya sa ba sa zuwa. Kare da hanci yake gane wuri. In bai ji wani ya riga shi ba, ba ya yarda nan ne."

"Kina nufin in bar ƙazanta?"

"Kaɗan. Wadda mu ba za mu ji ba, su su ji. Ka wanke ciyawar da ruwa da sabulu, tsakuwar ka ɗauraye kawai. Bilic sai ƙarshen mako."

"Madam…"

"Mang Pilo, wancan karon na yi shiru."

Ya dube ta. Ya dubi jarkar. Ya rufe ta, ya kai ta saman kanta inda sai ya taka kujera zai ɗauko.

Ana cewa daɗewa a aiki ita ce sani. Na koyar har gashina ya yi fari, kuma abin da na gani shi ne daɗewa ta fi koya wa mutum yadda zai ƙi ji. Shi ya sa ban ɗauki abin da ya biyo baya ƙaramin abu ba. Da rana, da ya fita da Kansila titi, ya sa tsumma ya dangwali inda ya yi, ya ƙulle a leda, ya shigo da shi, ya tone tsakuwa ya binne. Ina tsaye a ƙofa na kawo musu soyayyar ayaba.

"Malama, duk rayuwata korar wari nake. Yau ga ni ina dasa shi kamar rogo."

Ya ce in na rubuta wannan zai daina gaishe ni. Zai huce.

Sauran karnukan suka kama hanya ɗaya bayan ɗaya. Wari ya sauka, mai abinci ta daina harara, har ta fara aiko da romo. Kansila kaɗai ya rage. Ƙyallin ya tafi, amma ɗakin bai canja masa ba. In an tsayar da shi a kan robar sai ƙafafunsa su ɗauki rawa, ya zube. Pilo ya samo tsohon tawul ya zura ta ƙarƙashin cikinsa, ya riƙe bakin biyu, ya riƙa tafiya da shi a sunkuye daga kwali zuwa lungu, rabin nauyin a hannunsa. Yana sassauta tawul ɗin kaɗan-kaɗan, amma da zarar karen ya ji babu, sai ƙasa. An rataye fitilun taurari na Kirsimeti a layi, masu tafiya ƙauye hutu sun fara neman wuri wa karnukansu, kuma lungun ajiyar kayan da Kansila ke kwana Ning tana bukatarsa. Ba ta tuna wa Pilo wa'adin ba. Sebyo kuwa ya daina tsokana, kuma duk mun san abin da zai yi in aka ce masa wa'adi ya cika.

Ranar da abin ya faru ba wanda ya shirya ta. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, na fake a ƙofarsu, Sebyo ya dawo daga asibiti yana benci idonsa a lumshe. Pilo yana zaune a ƙasa jingine da bango, yana danne wata mahaɗa da ta ɗan ɗago. Kansila ya fara juye-juye a kan kwalinsa. Pilo ya dafa bango zai tashi, gwiwar dama ta ƙi buɗewa. Ya sake gwadawa, gumi ya keto masa. Ning tana can ciki tana yi wa wani wanka, famfo na ƙara. Ni da Sebyo kuwa ko kaza aka ba mu sai mun yi shawara kafin mu ɗaga.

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe," in ji Pilo. "Yau motar ta lalace."

Karen ya yi ƙara. Ya dubi tawul, ya dubi Pilo. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya kafa ƙafafun gaba, ya jawo na baya, ya tsaya yana karkarwa. Ya sa ƙafa ɗaya a kan roba kamar mai gwada zafin ruwa. Ta tsaya inda ya sa ta. Ya sa ta biyu.

Sebyo ya buɗe ido, ya miƙa hannu, ya ce: "Zo, yaro. Zo."

Kansila ya zo daidai hannun, ya wuce shi ko kallo babu, ya ratsa ɗakin da ɗingishinsa, ya tsallake ɗan dakalin, ya sunsuna tsakuwa, ya tsuguna. Muka yi tsit muna sauraron fitsarin kare yana bin rariya, tsofaffi uku, kamar masu jin wa'azi.

"Ya wuce ni," in ji Sebyo.

"Ka zo da wani abu a hannu ne?" in ji Pilo.

Sebyo ya rufe fuska da hularsa. Ning ta fito hannu duk kumfa, ta ga karen yana dawowa da ƙafarsa, ta ga Pilo a ƙasa. Ba ta yi zancen Kirsimeti ba, ranar ko bayanta. Ta durƙusa ta ce, "Kawo hannu, Mang Pilo," wannan karon kuma bai yi gardama ba.

Gwiwar ba ta koma daidai ba. Ya ja ta har wata daminar ta zo ta wuce, yana ɗingishi, Kansila na ɗingishi, masu wucewa suna tambayar wa ya koya wa wani. Likita ya ce in ya ci gaba da durƙuso keken guragu ne ƙarshensa. 'Ya'yansa suka sa baki, Ning ta fi su matsawa. Ya koya wa wadda za ta gaje shi yadda ake ɗaga ciyawa da toshe mahaɗa, ya kuma ja mata kunne a kan bilic da irin muryar wanda shi ya gano abin.

Mun gode, Mang Pilo. Sebyo ba zai iya faɗa ba, don bakinsa ya saba da zagi, 'yarsa kuwa ta faɗa ta waya har katinta ya ƙare. Ni na faɗa a nan inda ba za ka iya katse ni ba. Ba don ka iya aiki nake gode maka ba. Masu iya aiki suna da yawa, wasunsu har yau suna kayar da mutane da iyawarsu, kuma an ba su lambar yabo. Na gode maka don an nuna maka abin da ka fi iyawa a duniya shi ne ya cuci wani, kana da shekarun da za ka ce ƙaddara ce ka juya baya, sai ka durƙusa.

Ga masu karatu, ba zan ce ku kashe gwiwoyinku ba, nasa ma da ya ji magana tun farko da suna nan. Amma kowannenmu, malami ne ko likita ko uwa, yana da abin da aka daɗe ana yaba masa har ya daina duba wa yake zamewa a kai. In wata yarinya da kuka sani tun tana rarrafe ta ce ku bari, ku bari tun a karon farko. In kuwa kun riga kun makara, to ga wanda ya makara ya nuna muku abin da ake yi.

Ning ta shirya masa walimar sallama ranar Asabar, da taliya da gasasshiyar kaza, ta gayyaci layi duka har da mai abinci. Da aka gaya wa Sebyo sai ya ce a ɗaga. Asabar ranar asibiti ce, shi kuma ba ya fashi.

An mai da ita Lahadi.